Man da Ake Saye da Awa: Waiwaye Daga Oko-Oba

Duk wanda aka ambata wa Oko-Oba, shanu ne za su fara faɗo masa a rai. A nan babbar mayankar Legas take, a gefen Agege, daf da layin dogo, kuma a nan tireloli ke sauke dabbobin da suka kwana a hanya daga kasuwannin Potiskum, Maigatari, Illela da Mubi, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar da Chadi. Sai dai wannan harka ta jingina da wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato matsattsiyar iska. Birkin tirelar da ta kawo shanun da iska yake aiki. Tayoyinta mai faci ne ya ɗura musu iska da ɗan injinsa na bakin titi. Ɗakunan sanyi da ake ajiye nama suna da nasu kwamfireso, wanda ke matsa gas a maimakon iska. In ka ɗan taka zuwa Ogba, Agidingbi, Oregun da Ikeja, inda 'ya'yan unguwa da dama ke aikin kamfani, za ka tarar da manyan injunan iska masu hura kwalaben roba, masu tura kwali, masu buɗe bawul su rufe. Kusan kowane ɗayansu yana da mai a cikinsa, kuma labarin man nan ya sauya ƙwarai a cikin rayuwar mutum guda.

A da, abin da ake tambayar mai sayar da mai shi ne: nawa kwalba, nawa galan? Yanzu injiniyan kamfani cewa yake yi: awa nawa zai kai ni? Tsakanin tambayoyin nan biyu akwai tarihin injuna, da na darajar naira, da na yadda ilimin sana'a ya tashi daga yatsun makanike ya koma kan takarda. Mu da muke neman abinci a gefen injuna mun karɓi sabon man, amma har yanzu ba mu gama karɓar ɗabi'ar da yake tafe da ita ba. Dalilin waiwayen ke nan.

Zaman Hausawa a Agege ya girmi yawancin masana'antun Ikeja. Goro ne ya fara jawo fatake, domin a farkon ƙarnin da ya wuce yankin gonakin koko da goro ne, sannan dogo ya haɗa Legas da Kano tun 1912. Goro ya yi arewa, shanu suka yi kudu, zango ya kafu da sarkinsa da limamansa da mahautansa. Da motoci suka karɓe jigilar dabbobi daga hannun jirgin ƙasa, sai sana'o'in ƙarfe suka biyo baya: direbobi, makanikai, masu walda, masu faci. Yaro zai zo daga Katsina ko Sakkwato a damƙa shi hannun wani oga, ya yi shekaru yana miƙa sifana, ya koyi aiki da ido da kunne. Cikin darussan da yake fara haddacewa har da wannan: mai dai mai ne.

Injin iskan wancan zamani mai fistin ne. Kan ƙarfe ɗaya ko biyu a bisa tanki, da bel da ke haɗa shi da ƙaramin injin fetur, sai ɗan ma'aunin iska da gilashinsa ya daɗe da tsagewa. Man da ake zuba masa baƙin mai ne na mota, mai lamba 40, irin wanda ake yi wa babbar mota juye da shi. In aljihu ya yi sanyi, sai a koma ga kondem, wato man da aka riga aka juye daga wata motar. A bar shi ya kwanta a gwangwani, a tace da tsumma, a ɗura. Ba wanda ke rubuta ranar da aka zuba. In ya ragu a ƙara, in ya yi kauri da yawa a zubar a kwata.

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. Magabatanmu a sana'a suna da hujjar da suka gani da idonsu. Kwamfireson birkin tirela a jikin injin motar yake, kuma daga man injin yake sha ta wani siririn bututu. Makaniken da ya kwance shi sau da yawa ya ga baƙin mai a ciki, don me zai yi tunanin na bakin titi yana bukatar wani daban? Ban da haka, injunan nan masu haƙuri ne. Ƙarfensu mai kauri ne, gudunsu kaɗan ne, kuma sun fi hutawa a kan aiki, tunda sai mota ta tsaya ake tayar da su. Ringi da farantin bawul suna da araha, yaran shago kuma ga su nan, ba a biyan su kuɗin kwancewa da ɗaurawa.

Amma an biya farashi, ba a dai lissafa shi ba ne. Man mota an haɗa shi da sinadaran da ke riƙe ƙunar fetur da danshi su yi ta yawo a cikinsa har filta ta kama abin da za ta kama. Ƙaramin kwamfireso ba shi da irin wannan filta, kuma iskar da ke fita daga kan fistin tana iya haura digiri 150 a ma'aunin Salsiyas. A irin wannan zafi, ɗan man da ya haye sama yakan ƙone ya zama gawayi a kan bawul. Bawul ya daina rufewa sosai, iskar da aka matsa ta dawo a sake matsa ta, zafi ya ƙaru, gawayi ya ƙaru. Tankin da ke cika cikin ɗan lokaci sai ya riƙa jan rai, fetur yana ta ƙonewa a banza. Kondem kuwa ya fi muni, don yana ɗauke da garin ƙarfe da tsami da ragowar fetur ko dizal, wanda ke sa shi saurin kamawa da wuta. Gawayi mai zafi a cikin bututu cike da matsattsiyar iska hanyar gobara ce, kuma tankin da ruwa ya kwana a ciki ya yi tsatsa yana iya tarwatsewa. Mun ɗauki kankare bawul kowane ɗan lokaci a matsayin halin inji, alhali halin man ne.

Abin da ya karya tsohuwar fahimta shi ne zuwan wani injin daban, kwamfireso mai sukuru. Wani Bajamushe, Heinrich Krigar, ya yi rajistar dabarar a 1878, amma Alf Lysholm na ƙasar Suwidin ne ya mayar da ita inji mai aiki a shekarun 1930. Daga shekarun 1960 nau'in da ake fesa wa mai ya fara mamaye masana'antun duniya, namu na Ikeja ma suka bi sahu sannu a hankali. A cikinsa babu fistin. Ƙarafa biyu ne masu murɗi suke juyawa a cikin juna, suna kama iska suna ƙuntata ta har ta fita ta ɗaya ƙarshen. Ana fesa man kai tsaye cikin iskar da ake matsawa, ya kwashe zafi, ya toshe 'yar ratar da ke tsakanin ƙarafan, ya shafe boris. Daga nan wata matata ta raba shi da iska, ya bi ta lagireto ya huce, ya sake dawowa. Haka zai yi ta zagaye dare da rana, ana kaɗa shi da iska mai zafin digiri 80 zuwa 100, wadda aka matsa ninki 8. Oksijin da ke cikin iskar nan yana cin man a hankali. Man da bai da juriya sai ya yi tsami, ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa a jikin komai, ya toshe matata da lagireto. Ranar da aka kashe injin ya huce, danƙon ya daskare, sai a wayi gari ƙarafan sun cije.

Maganin wannan ya fito ne daga inda ba ruwansa da nama ko faci. A shekarun 1930 da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ba ta da wadataccen ɗanyen mai, kuma jirage da tankokinta suna bukatar man da ba zai daskare a sanyin Rasha ba. Masanin sinadarai Hermann Zorn na kamfanin IG Farben ya jagoranci gwada dubban haɗe-haɗe na dangin da ake kira esta. Bayan yaƙi, injunan jiragen jet suka zo da zafin da man da aka tace daga ɗanyen mai ba zai iya ɗauka ba, aka ci gaba da binciken. Daga sama abin ya sauko ƙasa: a Amurka, AMSOIL ya fito da nasa man mota na sintetik a 1972, Mobil 1 ya biyo a 1974, masu ƙera kwamfireso ma suka shiga.

Bambancin a sarari yake. Man gargajiya tacewa ake yi daga ɗanyen mai, don haka ƙwayoyinsa gauraye suke, manya da ƙanana, masu ƙarfi da raunana. Ƙananan su ne ke fara tashi a tururi, raunanan su ne oksijin ke fara ci. Man sintetik kuwa ginawa ake yi daga ƙananan sinadarai, ƙwayoyinsa su fito kusan iri ɗaya. Shi ya sa kaurinsa bai cika sauyawa tsakanin sanyi da zafi ba, bai cika barin gawayi ba, kuma ya fi jure wuta kafin ya kama. Dangi uku ne suka fi yawa a injunan iska. Akwai PAO, wanda ya fi kusa da man gargajiya a hali. Akwai esta, mai narkar da datti, wanda ake so a injin fistin mai zafin kai. Akwai PAG, dangin gilaikol, wanda ba ya barin danƙo, kuma shi ne tushen Ultra Coolant na Ingersoll Rand da Sullube na Sullair. Inda man gargajiya ke yin kamar awa 2,000 a injin sukuru, waɗannan ana sayar da su ne da alkawarin awa 8,000.

Ta ƙofa biyu man nan ya shigo mana. Ta farko ita ce ta kamfani. Wanda ya sayi sabon inji daga wakilin Atlas Copco ko Kaeser ko Ingersoll Rand, za a gaya masa cewa garantinsa ya rataya ne a kan man da suka ambata. Kamfanonin abinci da na sha kuma suka ƙara da nasu sharaɗi, mai mai shaidar H1, wanda ko ɗan ɗigonsa ya taɓa abinci ba zai cutar ba, ko kuma injin da mai ba ya haɗuwa da iskarsa sam, kamar a wajen hura kwalaben roba inda matsi ke kai bar 40. 'Ya'yanmu da ke aiki a can suka dawo unguwa da labarin man da ake shekara ba a juye ba, dattawa suna jinjina kai.

Ƙofa ta biyu ta fi kusa da mayanka, kuma ba shawara aka yi da kowa ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun yanke hukuncin daina amfani da gas ɗin da ke lalata rufin ozon a sararin sama, ƙasashe irin Najeriya aka ba su wa'adin 2010 su rabu da R12. Wanda ya gaje shi a firji da motoci, R134a, ba ya cuɗanya da man gargajiya, haka ma R404A da ya yawaita a ɗakunan sanyi. In aka haɗa su, man zai fita tare da gas ya maƙale a bututu, ya ƙi dawowa, kwamfireso ya bushe ya ƙone. A firji da ɗakunan sanyi, dole aka koma man esta da ake kira POE. Shi kuma yana da nasa hali: zuƙar danshi yake yi daga iska. In aka bar gwangwaninsa a buɗe a shago, ya sha ruwan Legas, ya zama tsami a cikin inji. Masu gyaran firji da na motocin sanyi, waɗanda suka yawaita tun da gwamnatin jihar ta matsa a riƙa ɗaukar nama cikinsu maimakon baro da babur, su ne suka fara gane cewa zamanin ɗiban mai a buɗaɗɗen gwangwani ya wuce.

Ga kuma abin da takardar talla ba ta faɗa da ƙarfi. Awa 8,000 ɗin nan a kan sharaɗi take. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar mai biyu. A ce an yi lissafin a kan digiri 90. Injin da ke aiki a digiri 100 awa 4,000 zai samu, na digiri 110 kuwa ya koma 2,000, daidai da abin da man gargajiya zai ba mai kula da injinsa. To ina muke ajiye injunanmu? A ɗan ɗakin kwano marar taga, sau da yawa jingine da janareta, don tsoron ɓarayi. Iskar da yake shaƙa kuwa ita ce ta unguwa: ƙurar kara (kasuwar shanu), hayaƙin babbaka, hayaƙin dizal, da ƙurar hunturu in lokacinta ya zo. Duk abin da ya tsallake filtar iska, cikin man yake ƙarewa. Mutum zai biya kuɗin shekara, ya samu wata uku, ya ce man ƙarya ne, alhali taga ce bai fasa ba, lagireto ne bai hure ba.

Sai ruwa. Iskar Legas mai zafin digiri 30 da danshi kashi 80 cikin 100 tana ɗauke da kimanin giram 24 na ruwa a kowane kubik mita. Matsakaicin injin kamfani mai shaƙar kubik mita 10 a minti, ke nan yana haɗiye sama da lita 14 na ruwa a kowace awa. Mafi yawansa a tanki da bututu yake sauka, shi ya sa buɗe famfon ƙasan tanki kullum ba abin wasa ba ne. A nan akwai abin da ke ba mutane mamaki: injin sukuru da ya yi sanyi da yawa shi ma yana cikin haɗari. In an sayi babban inji don ƙaramin aiki, yana tashi yana tsayawa bai taɓa ɗaukar zafi sosai ba, ruwan zai kwanta a cikin man, ya mayar da shi fari, boris su yi tsatsa. Injin da ya zauna lafiya a Kano, inda iska ke bushe mafi yawan shekara, yana iya kawo wannan ciwo wata kaɗan da saukarsa Agege.

Duk wannan da sauƙi in da kuɗin man a hannunmu yake. An taɓa yin niyyar hakan. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an ƙara mata sashen man shafawa a 1983, wanda aka tsara ya tace ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin Benezuwela da Saudiyya. Sashen ya daɗe da yin shiru. Yau kamfanonin da ke haɗa mai a Apapa da Kaduna, da Ammasco a Kano, da Lubcon a Ilori, daga waje suke sayo gundarin man da sinadaransa. Na sintetik kuwa dala ce tsagwaronta. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024, jarkar mai ta bi ta. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane yunit.

Waɗannan tashin farashi biyu suna jan mai inji ta fuska biyu. Tsadar jarka tana cewa ka koma mai araha. Tsadar wuta tana cewa akasin haka, domin a tsawon rayuwar kwamfireso wuta ce ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa, man kuwa ɗan ƙaramin kaso ne. Matatar da danƙo ya toshe tana tilasta wa inji ƙarin matsi, kuma kowane ƙarin bar 1 yana cin kusan kashi 7 cikin 100 na wuta. Don haka amsar ta dogara ne ga yawan aiki. Shekara awa 8,760 ce. Kamfanin da injinsa ba ya hutawa zai yi juye sau ɗaya da sintetik a maimakon sau huɗu, ya rage tsayawar aiki, ko da man ya ninka kuɗi biyu ko uku ya ci riba. Ƙaramar masana'anta mai awa 8 a rana, kwana 6 a mako, ba ta wuce awa 2,500 a shekara, kuma masu ƙera injuna sun ce a juye in wa'adin watanni ya cika ko da awannin ba su cika ba. Ita ba za ta taɓa cin duk abin da ta biya ba. Mai faci kuwa, abin da zai fi amfanarsa shi ne ya bar kondem ya sayi man kwamfireso na gargajiya mai kauri 100, ya riƙa zubar da ruwan tanki kowace yamma.

Akwai tarkon da ya fi kama masu ƙaramin ƙarfi, wato injin tokumbo. Za a sauke shi daga kwantena, ko a tsinto shi a Owode Onirin, da ragowar mai a cikinsa da ba wanda ya san danginsa. Sabon mai shi zai aika yaro ya sayo abin da ya samu ya ƙara. In na cikin gilaikol ne, na jarkar kuma PAO ko na gargajiya, ba sa haɗuwa. Sai su rabu ko su yi kunu su toshe filta. In kuma tsohon inji ne da ya shekara da man gargajiya aka zuba masa esta ba tare da wankewa ba, estan zai ɓamɓaro tsohon danƙo gaba ɗaya ya tura shi cikin matata, wani lokaci ya taɓa robobin da ke hana yoyo da fentin cikin tanki. Na ga an la'anci man kirki saboda wannan, an koma baƙin mai da rantsuwa. Kalmar sintetik a jikin jarka ma ba ta wadatar ba. Tun 1999, bayan taƙaddamar Mobil da Castrol a gaban hukumar sa ido kan talla a Amurka, an yarda a kira man da aka tace daga ɗanyen mai tacewa mai zurfi da wannan suna. Dole mai saye ya nemi sanin dangi da lambar kauri, 46 ne ko 68.

Wannan ya kawo mu ga amana. Man tsada shi ne ya fi jawo masu jabu, don jarka ɗaya ta ƙarya ribarta ta fi ta mai araha nesa ba kusa ba. Ana tara jarkokin da aka gama da su, a cika su da gundarin mai marar sinadari, a liƙe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya takan kai samame ta kama, amma kasuwa ta fi ƙarfin samame. Mai saye cinikin biri a sama yake yi, domin illar ba za ta bayyana ba sai bayan watanni, lokacin da ba wanda zai iya cewa ga mai laifi. Abin lura shi ne, mutanen kara sun daɗe da warware irin wannan matsala a tasu harka. Bafatake yana kawo shanu daga nisan duniya, mahauci ya ɗauka bashi, kuma abin ya yi ta tafiya saboda akwai maigida da dillali da suka tsaya a tsakani da sunansu da dukiyarsu. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan. A cinikin mai babu mai tsayawa irin wannan ga ƙaramin mai inji. Ƙungiyoyin masu faci da masu gyaran firji za su iya zama shi: su haɗa kuɗi su sayi duro daga wakilin kamfani, su riƙe rasit, su raba, su kuma huda kowace jarka da aka gama da ita.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan sauyi shi ne makomar ilimin dattawa. Tsohon makanike yakan ɗiga mai a yatsa ya murza, ya shinshina, ya ɗaga shi ga rana, ya yanke hukunci. A kan baƙin mai, hukuncinsa yakan yi daidai. Sabon man ya ƙwace masa wannan iko, domin wani yakan yi duhu yana nan da ƙarfinsa, wani kuma yana nan garau alhali tsami ya gama cinye shi. Mai faɗin gaskiya yanzu shi ne agogon awa da ke jikin inji, da 'yar kwalbar da ake aikawa ɗakin gwaji a auna kauri da tsami da ruwa da garin ƙarfe. Yaron da ya iya karanta littafin inji a wayarsa sai ya riƙa gyara wa ogansa magana. Kan injin sukuru kuma ba a kwance shi a bakin titi, sai a kai wa wakili a biya da farashin dala. An samu injin da ya fi inganci, an rasa 'yancin gyara shi da hannu. Duk da haka kunnen dattijo bai tsufa ba. Ɗakin gwaji sai bayan kwanaki yake ba da amsa, shi kuwa yana shigowa zai ce a kashe, boris na kuka.

Akwai riba guda da ba ta shiga aljihun kowa amma ta shafi kowa. Magudanun Oko-Oba sun riga sun gaji da jini da kashin dabbobi. Juye ɗaya a maimakon huɗu yana nufin raguwar man da ke bin kwata zuwa rafi da rijiyoyin unguwa. Sai dai ruwan da ake zubarwa daga tanki shi ma da mai a cikinsa, na gilaikol kuma cuɗewa yake yi da ruwa, ba ya tasowa sama balle a yaɗe shi. Wanda ya iya sayen man tsada ya kamata ya iya tanadar inda zai tara dattinsa.

In aka tambaye ni abin da ya rage mana, sai in ce alƙalami. Man sintetik alkawari ne na lokaci, kuma ba a cin amfanin alkawarin lokaci sai da lissafi. Ogan da ke koya wa yaro riƙon sifana ya ƙara masa da abu huɗu da zai rubuta duk ranar juye: kwanan wata, adadin da agogon awa ya nuna, cikakken sunan man, da zafin da inji ke kaiwa da tsakar rana. Ba sai da boko ba. Yawancin yaran da ke zuwa mana daga arewa sun yi makarantar allo, kuma ajami ya isa ya riƙe wannan a ɗan littafi da aka rataye a jikin inji. Shagon da ke da irin wannan littafi zai san man da ya cika alkawari da wanda ya ci amana, zai san ko ɗakin injinsa na bukatar taga, kuma ranar da zai sayar da injin, mai saye ba zai yi ƙari a kan abin da bai sani ba.